Kujerar shekara ɗaya: yadda ƙungiyar sa-kai take mulkin kanta

Ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara Rotary, ƙungiyar 'yan sa-kai masu hidimar al'umma a faɗin duniya, take sauya shugabanni, daga sama har ƙasa. Shugabanta na duniya, da gwamnonin gundumominta sama da 500, da shugabannin kulob-kulob fiye da 35,000 da ke warwatse a ƙasashe, duk wa'adinsu ranar 30 ga Yuni yake cika. Washegari wasu ne a kan kujerun. Ana samun gutsiri-tsoma nan da can, tunda harka ce ta 'yan Adam, amma ƙungiyar da aka kafa tun 1905 har yau tana tsaye da ƙafarta.

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar unguwa zai gane nauyin wannan magana. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai ba su da iyaka a wurinmu: ta yashe kwata, ta gyaran maƙabarta, ta tsofaffin ɗalibai, ta ci gaban gari, ta kai marasa lafiya asibiti, ta tallafa wa marayu. Da zafi-zafi ake kafa su, a yi aiki na a-zo-a-gani shekara biyu ko uku. Daga nan sai ɗayan biyu. Ko dai shugaban farko ya zauna daram har ƙungiyar ta koma amsa sunansa, ko a zo zaɓe na biyu ta dare gida biyu, kowane ɓangare da nasa hatimin da nasa shugaban. Kuma mutanen nan ba miyagu ba ne, galibinsu lokacinsu da kuɗin aljihunsu suke ƙonawa saboda Allah. Abin da ke cin su shi ne ba a zauna tun farko an tsara wa ke da ikon me, zuwa yaushe, kuma wa zai tambaye shi ba.

Rotary ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kulob ɗinta na farko a Najeriya a Kano aka kafa shi, a 1961, kafin na Legas da na Ibadan. Daga wannan kulob ɗin ne marigayi Jonathan Majiyagbe, babban lauyan da ya yi rayuwar aikinsa a Kano, ya fito ya shugabanci Rotary ta duniya a zangon 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Na san sunan ƙungiyar yana da ƙaiƙayi a kunnen wasu. Akwai malaman Musulunci da suka yi gargaɗi a kanta suna danganta ta da ƙungiyar asiri ta Freemason, ita kuma tana cewa ba ruwanta da addini ko siyasar kowa. Wannan muhawara ce ta daban, tana da masu ita. Abin da ke gabanmu a nan shi ne tsarin shugabancinta, wanda a rubuce yake kowa na iya karantawa, kuma ana iya ɗaukar abin amfani a cikinsa ba sai an yanki katin zama mamba ba.

Shugaban da ba ya biyan kowa albashi

Daga nan matsalar duk wata ƙungiyar sa-kai take farawa. Manajan kamfani yana iya yanke wa ma'aikaci kuɗi ko ya sallame shi. Ɗan sa-kai kuwa, ranar da ransa ya ɓaci ba sai ya rubuta takarda ba. Zai daina zuwa taro ne, ya daina ɗaga waya, in an haɗu a ɗaurin aure ya ce ayyuka ne suka sha masa kai. Ƙarfin da ke hannun shugaba guda ɗaya ne tak, wato yardar mambobi, kuma abu biyu ke cinye ta: mutum ya ji ana yanke shawara a bayan idonsa, ko ya ji kuɗin da ya bayar ba a san inda suka shiga ba. Idan ka karanta dokokin Rotary da wannan idon, za ka tarar kusan kowace doka ɗayan abubuwan nan biyu take yi wa shinge.

Tun daga tushe aka kafa misalin. Paul Harris, lauya a birnin Shikago na Amurka, shi ya kawo tunanin. Ranar 23 ga Fabrairu 1905 ya zauna da abokansa uku: Silvester Schiele mai sayar da kwal, da Gustavus Loehr injiniyan ma'adinai, da Hiram Shorey tela. Da aka zo fitar da shugaba na farko, Schiele aka ba. Harris bai hau ba sai a 1907, a matsayin shugaba na uku, ya yi nasa ya sauka. A ganina wannan ya yi tasirin da ya fi na tarin dokoki, domin duk wanda ya zo daga baya ba shi da bakin cewa "ai ni na kafa ta", tunda mai kafawar ma bai kama kujera ya riƙe ba.

Wa'adin shugaban kulob shekara ɗaya ne. Da jin haka mutum zai ce, shekara ɗaya me za ta yi? Kafin ya gane kan aikin ai ya sauka. Amsar tana cikin abin da ke gaban shekarar da abin da ke bayanta. Kundin da kowane kulob yake bi ya ce a zaɓi shugaba tsakanin wata 18 zuwa 24 kafin ranar hawansa. Ke nan wanda zai karɓa a Yulin 2028, kafin Disambar 2026 ta ƙare an san shi. A shekarar da ke dab da hawansa yana zaune a kwamitin gudanarwa a matsayin shugaba mai jiran gado, yana ganin kasafi, yana jin ƙorafe-ƙorafe, yana tsara waɗanda za su riƙe masa kwamitoci. Wajibi ne kuma ya halarci horon da gunduma take shirya wa masu jiran gado, in ya ƙi zuwa ba tare da uzurin da aka karɓa ba to ba zai hau ba. Bayan ya sauka ma ba a sallame shi ya tafi gida. Yana da sauran shekara guda a kwamitin a matsayin shugaban da ya gabata, da ƙuri'arsa a hannu. Mutum yana shekara uku ke nan a teburin shawara, ɗaya ce kawai a cikinsu yake kan kujera.

Saboda haka a kowane lokaci akwai mutum uku a teburi, na jiya da na yau da na gobe. Na jiya ya san alkawarin da aka ɗaukar wa asibitin da aka ce za a gyara wa rijiya. Na gobe ya san duk bashin da aka ci yau shi zai gada, don haka ba zai yi shiru a ci ba. Faɗan gado kuma yana yin sanyi tun kafin ya tashi, domin zaɓen da ake yi yau na kujerar da ba za a hau ba ne sai bayan shekara ɗaya da rabi, kuma wanda ya faɗi ya san baɗi ma akwai wani zaɓen.

Har ƙofar da aka fi bi wajen tazarce an sa mata sakata. A wurinmu ba kasafai ake cewa ba za a sauka ba, zaɓen ne kawai ba a kira: yau babu kuɗin haya, gobe azumi ya kama, jibi a ce a bari a ƙarasa aikin da aka fara. A Rotary taron zaɓe ba ya wuce 31 ga Disamba, kuma idan ba a samu magaji ba shugaba mai ci zai iya ci gaba, amma ƙarin ba zai haura shekara ɗaya ba. Tsarin yana ɗaukar ko da rasuwa. An zaɓi Sam Owori na Yuganda shugaban duniya, zai hau a Yulin 2018, sai ya rasu a Yulin 2017. Kwamitin fitar da ɗan takara ya sake zama ya fito da Barry Rassin na ƙasar Bahamas, ya hau a ranar da aka tsara tun farko.

Ina ikon yake?

Kundin ya faɗa ƙarara cewa hukumar da ke mulkin kulob ita ce kwamitin gudanarwa. Shugaba yana jagorantar zama, yana magana da yawun kulob, yana sa alƙiblar shekara. Amma amincewa da kasafi, da duba sunan wanda ake son shigarwa, da sallamar mamba, duk na kwamiti ne. A cikinsa akwai shugabannin nan uku, da sakatare, da ma'aji, da mataimaki in akwai, da daraktocin da mambobi suka zaɓa. Hukuncin kwamiti yankakke ne, sai dai ana iya ɗaukaka ƙara zuwa taron mambobi, inda kashi biyu cikin uku na mahalarta za su iya rushe shi bayan an sanar da kowa tun da wuri. Abin da kwamitin ya tattauna kuma ana rubuta shi a ba mambobi su gani. Aikin yau da kullum yana hannun ƙananan kwamitoci: na gudanar da kulob, na neman mambobi da riƙe su, na hulɗa da jama'a, na ayyukan al'umma, da na Gidauniyar Rotary mai ba da tallafi. Manufar ita ce kowane mamba ya sami abin riƙewa, domin ɗan sa-kai da ba a ba shi aiki ba shi ne yake fara zamewa.

Kujerar sakatare ita muka fi rainawa. Mukan ba wanda ya fi kowa ƙuruciya, ko mai kyan rubutu, alhali duk abin da ƙungiya za ta tuna yana hannunsa: sunayen mambobi, wa ya zo wa bai zo ba, me aka yanke, wa aka ɗora wa, yaushe zai kawo rahoto. A wata ƙungiyar unguwa da na sani, shekaru aka yi ana rubuta komai a littafin makaranta mai jan bango, kuɗin wata a shafukan baya, rahoton zama a na gaba. Sai aka yi wa sakataren canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ya tafi da littafin a cikin kayansa ba da wani mugun nufi ba. Da aka zo tantance wanda ya biya da wanda ake bi, sai aka koma rantse-rantse. Mutum biyu da suka daɗe suna salla a sahu ɗaya suka daina gaisawa a kan kuɗin da ba su kai na buhun siminti ba. A Rotary sunayen mambobi ba a jakar mutum ɗaya suke kwana ba, ana shigar da su rumbun hedikwata, kuma da wannan adadin ake lissafa kuɗin da kulob zai biya sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli. Sakataren da ya yi sakaci, kulob ɗinsa ne zai biya wa mutanen da suka riga suka tafi.

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta ƙungiyoyinmu suka fi mutuwa. Dokokin cikin gida da Rotary take ba kulob-kulob shawarar ɗauka sun ce a raba kuɗi asusu biyu a banki, ɗaya na tafiyar da kulob, ɗaya na ayyukan al'umma. Wannan rabon ya fi yadda ake zato muhimmanci. Kuɗin hayar ɗakin taro da ruwan sha da buga takardu na mambobi ne, daga kuɗin ƙa'idarsu. Kuɗin da wata baiwar Allah ta bayar don a ɗinka wa marayu kayan salla amana ce mai suna. In aka zuba su wuri ɗaya, wata rana kuɗin haya zai gaza, a ce a ara daga na marayu a mayar ƙarshen wata. Galibi ba da niyyar ci ake farawa ba. Amma ƙarshen watan ya zo da nasa buƙatun, aron ya haifi wani aron, ranar da mai bayarwa ta tambaya sai a shiga kame-kame, kuma ma'ajin da bai ci ko kwabo ba shi zai kwana da sunan ɓarawo.

Ma'aji kuma ba ya fitar da kuɗi shi kaɗai, sai wasu jami'ai biyu sun amince da abin da za a biya. A kowace shekara wani masani da ya san aikin yana bin duk shige da ficen kuɗin, mambobi suna karɓar rahoton tsakiyar shekara, da cikakken rahoto a ƙarshe. Idan kulob yana son babban tallafi daga Gidauniyar Rotary, sharuɗɗan sun fi haka tsauri: asusu na musamman don kuɗin tallafin, masu sa hannu aƙalla biyu, ajiye rasit da takardun banki na aƙalla shekara biyar, da halartar horo kan riƙon tallafi.

Kwatanta wannan da abin da muka saba gani. An tashi haƙa rijiyar burtsatse, sai a liƙa lambar akawun ɗin shugaba a dandalin WhatsApp, kowa ya tura, alat yana shiga wayarsa tare da kuɗin cefanensa da na kasuwancinsa. Ko da ya fi kowa gaskiya, shi kansa ba zai iya tantance nasa da na jama'a ba bayan wata uku. Akwai kuma abin da ba ma son tunawa: idan ta Allah ta kasance, kuɗin da ke akawun mai sunansa a idon banki dukiyarsa ce, za ta shiga maganar gado, kuma ƙungiya ba ta da takardar da za ta nuna wa magada. An bar iyalinsa da nauyin da ba su san da shi ba, an bar mamacin da haƙƙin jama'a a wuya.

Abin da ke hana mu gyara wannan kunya ce. Tambayar dattijo rasit a wurinmu daidai take da ce masa ɓarawo, shi ya sa ake barin kaza cikin gashinta har ɓarna ta girma. Amfanin rubutacciyar doka a nan shi ne ta ɗauke wa mutum nauyin tambaya. Idan an rubuta tun ranar farko cewa kowane wata uku ma'aji zai karanta takardar banki a gaban kowa, to ranar karatun ba wanda ya tuhumi wani, lokaci ne ya yi. Kuma ba wani baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, an kuma saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

Wanda ya taɓa leƙa taron Rotary zai ga ƙararrawa a gaban shugaba, da 'yar guduma da yake buga ta a buɗe taro a kuma rufe. A wuyansa akwai sarƙar shugabanci, wadda a kulob-kulob da yawa take ɗauke da 'yan allunan ƙarfe, kowane da sunan wani tsohon shugaba da shekararsa. Can gefe kuma akwai mai tsawatarwa, wanda yake kula da zama da lokaci, yana cin tarar wanda ya makara ko wanda wayarsa ta yi ƙara, 'yar tara kaɗan cikin raha, kuɗin su shiga asusu. Hikimar wannan kujera ita ce an raba shugaba da aikin tsawa. Shugaban da yake ce wa sa'anninsa "yi shiru" kowane mako, kafin wata shida ya tara abokan gaba.

Akwai kuma mambobin girmamawa, kwatankwacin iyayen ƙungiya a wurinmu. Ana karrama su, ba sa biyan kuɗin ƙa'ida, suna zuwa taro, amma ba su da ƙuri'a kuma ba sa riƙe muƙami. Mu a nan ne muke tuntuɓe. Attajirin da ya ba da kuɗi mafi tsoka ranar ƙaddamar da asusu ya zama uban ƙungiya, daga nan ba a zaɓe sai an je gidansa an ji wanda yake so. Kyautarsa abin godiya ce ƙwarai, amma da zarar mambobi sun gane cewa ƙuri'arsu ado ce, sai su bar masa ƙungiyar shi da 'yan gaban goshinsa.

Ladabtarwa ma da matakanta. Wanda bai biya kuɗin ƙa'ida ba kwana 30 bayan lokaci, sakatare zai rubuta masa, a ba shi kwana 10, sannan kwamiti ya duba. Wanda za a sallama saboda laifi sai an ba shi sanarwar aƙalla kwana 10 a rubuce, an ji ta bakinsa, kashi biyu cikin uku na kwamitin sun amince, kuma yana da damar ɗaukaka ƙara ko neman sulhu. Sannan an haramta wa kulob goyon bayan ɗan takarar kowace kujerar siyasa. Duk wanda ya ga yadda ƙungiyoyin matasa suke komawa ofishin kamfe da zarar zaɓe ya ƙarato, su watse washegarin rantsuwa, ba sai an yi masa bayanin wannan dokar ba.

Daga kulob zuwa duniya

Matakan sama ba su da wuyar fahimta. Kulob-kulob suna haɗuwa su zama gunduma ƙarƙashin gwamna, wanda dole ya taɓa shugabantar kulob, shi ma shekara ɗaya yake yi, kuma ana saninsa shekara biyu zuwa uku kafin ya hau. A ƙoli akwai kwamitin mutum 19: shugaba, da mai jiran gado, da daraktoci 17 masu shekara bibbiyu. Ma'aikata masu albashi suna hedikwata a Evanston kusa da Shikago, ƙarƙashin babban sakatare. 'Yan sa-kai ke yanke shawara, ma'aikata su aiwatar su kuma adana takardu.

Dokokin kuwa majalisa ce take sauya su, mai zama duk shekara uku, kowace gunduma da wakili ɗaya. A zamanta na 2016 ne ta sassauta dokar taron mako-mako, ta bar kulob ya tsara nasa muddin zai haɗu aƙalla sau biyu a wata. Sai dai wannan majalisa ba ta da sauri, kuma tarihin shigar mata ya nuna haka. An sha kawo ƙudurin ana kayar da shi. Da kulob ɗin garin Duarte a jihar Kalifoniya ya shigar da mata, aka janye masa rajista a 1978. Sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 ta ba kulob ɗin gaskiya, sannan majalisar ta buɗe ƙofa ga mata a duk duniya a 1989. Mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar, Jennifer Jones ta Kanada, sai a 2022 ta hau. Tsari mai kyau yana kare ƙungiya daga son zuciyar mutum ɗaya, amma idan rinjayen ne kansa ya dage a kan abu, sai a daɗe ana jira.

Babbar jarrabawar kujerar shekara ɗaya ita ce aiki mai dogon zango, kuma a nan muna da shaida a ƙofar gida. Rotary ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da cutar shan inna a 1985, ta zama cikin waɗanda suka kafa gangamin duniya na kawar da cutar a 1988. A shekarar da Majiyagbe yake shugabanci ne Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Ba a ba Afirka shaidar rabuwa da ƙwayar cutar ta asali ba sai 25 ga Agusta 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Nasarar ta mutane da yawa ce: gwamnatoci, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da sarakuna da malamai, da matan da suka bi gida-gida, har wasunsu suka rasa rayukansu a Kano a 2013. Amma ta ɓangaren Rotary, shekara 35 ke nan, shugabanni sama da 30 sun hau sun sauka, aikin bai sauya ba. Dalili shi ne ba a rataya shi a wuyan shugaba ba. An ajiye shi a gidauniya mai nata amintattun da ke yin shekara huɗu-huɗu, da kwamitoci masu daɗewa, irin na Najeriya da Dokta Tunji Funsho ya jagoranta shekaru da dama. Kujerar da take jan ido ita aka gajarta wa wa'adi, aikin da yake buƙatar haƙuri aka ba shi masu daɗewa.

Tsarin yana da nasa ciwon, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. A matakin kulob, shugaban shekara ɗaya yakan so aikin da zai gama ya sa allo kafin Yuni, shi ya sa sabon gini ya fi gyaran na bara farin jini. Ƙaramin kulob mai mutum 15 ba shi da sabuwar fuska kowace shekara, sai a riƙa zagayawa tsakanin mutane ƙalilan, ko a tura wanda bai shirya ba. Tsofaffin shugabanni kan zama shafaffu da mai, su gama shawara a wajen taro a zo a sa hannu kawai. Ga tsada: kuɗin hedikwata da dala ake lissafa shi, faɗuwar naira tun 2023 ta ƙara masa nauyi, ga bikin rantsarwa da ake sa ran shugaba zai buɗe aljihu. Sakamakon haka kujerar takan zama ta masu hali, malamin firamare mai basira da kishi ya tsaya daga nesa. Ƙungiyar unguwa da ta kwaikwayi wannan ɓangaren ta yi asara, domin ƙarfinta shi ne mai faci da likita suna zama a tabarma ɗaya.

Abin da ya fi wuyar ɗaukowa shi ne sauka ba tare da jin an wulaƙanta ba. Mun taso muna ganin shugabanci irin na rawani, in an naɗa sai mutuwa ko tuɓewa, har a harkar samari da noma sarauta ake yi. Shi ya sa idan aka ce wa shugaban ƙungiya wa'adinsa ya cika, abin da yake ji shi ne "me na yi muku?" Rotary ta magance wannan da girmamawa: tsohon shugaba yana da laƙabinsa har abada, da mazauninsa, da sunansa a sarƙar da magajinsa zai rataya. Mu ma za mu iya yi wa na jiya kujerar mutunci a kwamiti, a yi masa walima a gode masa a bainar jama'a. Ban ga dole sai shekara ɗaya ba. Ga ƙungiyar da ba ta da horo da ma'aikata a bayanta, shekara biyu ta fi dacewa a ganina, muddin ranar zaɓe tana rubuce a kundi kuma an san magaji tun da sauran lokaci.

A Najeriya akwai wani tarko na doka da ya kamata a sani. Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da sunan amintattunta ake yi mata rajista, su ne masu riƙe kadarorinta a idon doka. Sauya amintacce ba kamar sauya shugaba ba ne: sai babban taro ya zartar da ƙuduri, an buga sanarwa a jarida, an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan hukumar ta amince. Ƙungiyoyi da yawa sukan cika fom da sunayen shugabannin farko don su ne a kusa, sai bayan an yi zaɓe a gano cewa waɗanda suka faɗi su ne har yanzu masu filin ƙungiya da takardar rajistarta. Maganin shi ne a raba kujerun biyu tun farko, a rubuta cewa amintattu suna tsaron kadara ne, ba su da hannu a gudanarwar yau da kullum, kuma a fayyace yadda ake cire su.

Ranar miƙa ragama ma tana buƙatar jerin kaya a rubuce, wanda mai bayarwa da mai karɓa za su sa wa hannu a gaban mambobi: takardar rajista, hatimi, littafin rahoton zama, takardun banki, basussukan da ake bin ƙungiya da waɗanda take bi, alkawuran da ba a cika ba, da lambobin sirri na shafin Facebook da ikon kula da dandalin WhatsApp. A wannan zaman ne kuma ya kamata a zartar da ƙudurin sauya masu sa hannu a banki, domin banki ba ya sauya su da baki, sai ya ga ƙudurin a rubuce da sa hannun jami'an ƙungiya.